Aikin Jinya da Farfaɗowar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki a Asibitocin Adar

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jini ya daina isa wani yanki na ƙwaƙwalwa. Hanyarta biyu ce: ko gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiyar ta fashe jini ya malala cikin kai. Ko wanne ne ya auku, naman ƙwaƙwalwar da ya rasa jini yakan fara mutuwa cikin ƴan mintoci, aikin da yake gudanarwa kuma ya tsaya. Baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda su saki, harshe ya sarƙe, wani lokaci mutum ya fita hayyacinsa. Ƙididdigar duniya ta shekarar 2019 ta nuna mutum miliyan 12.2 cutar ta kama a wannan shekara, fiye da miliyan 6.5 kuma suka rasu ta dalilinta. A Afirka ta Yamma, binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya bayyana a 2018 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar fashewar jijiya ce ta same su, kuma hawan jini ne babban musabbabi, ya yi wa sauran dalilai fintinkau.

Naman da ya riga ya mutu ba ya dawowa. Amma a kewayensa akwai wani yanki da jini ke isa kaɗan-kaɗan, kamar shukar da fari ya kama ta yi yaushi ba ta bushe ba. Zazzaɓi, ƙarancin iska, rashin ruwa a jiki, ko sukarin da ya hau ko ya faɗi, kowanne yana iya ƙarasa wannan yanki. Akwai allurar narkar da gudan jini, sai dai ba a yin ta sai cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon, bayan hoton kai ya tabbatar babu zubar jini. Ƙalilan ne daga ƙauyukan Adar, a jihar Tawa ta Nijar, ke iya cika wannan sharaɗi. Saboda haka makomar mafi yawan majinyata tana hannun mutanen da ke tsaye a bakin gadonsu dare da rana, wato ma'aikatan jinya da dangin da ke zaman jinya.

Hanyar zuwa gadon asibiti

Jihar Tawa tana da mutum fiye da miliyan 3.3 bisa ƙidayar 2012, a faɗin ƙasa da ya haura murabba'in kilomita 100,000. Tsarin lafiya na Nijar hawa-hawa ne: ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar lafiya ta CSI, sai asibitin gunduma irin na Keita, Buza, Illela ko Abalak, sannan babban asibitin jiha, CHR, a birnin Tawa. Daga nan sai Yamai, tafiyar kilomita kusan 550, inda mafi yawan likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suke. A kudancin jihar akwai asibitin mishan na Galmi, wanda ke aiki tun 1950.

Arewacin Adar ƙasar duwatsu ce da kwaruruka. Wanda ciwo ya kayar a gona ko a bakin rijiya, sau da yawa a amalanke ko bisa babur ake fito da shi, idan kuma damina ce ƙorama tana iya tsare hanya na awanni. Wasu iyalan sukan fara da malam, ko wanzami, ko mai maganin gargajiya, domin ciwon da ya faɗo wa mutum farat ɗaya yakan sa a zargi iska ko sammu. A mafi yawan cibiyoyin CSI shugaban wurin, majo, ma'aikacin jinya ne. Shi ne ma'aikacin lafiya na farko da zai ga majinyacin, kuma abin da ya yi a wannan sa'a yana bin majinyacin har ƙarshen jinyarsa: ya gane alamun, ya rubuta lokacin da aka yi wa mutumin ganin ƙarshe yana lafiya lau, ya auna sukari da hawan jini, ya hana a ba shi komai ta baki, ya kwantar da shi bisa gefe, ya tura shi gaba ba tare da jinkiri ba.

Abin da bincike ya tabbatar

A 1993 Peter Langhorne da abokan aikinsa a Birtaniya suka tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka nuna cewa majinyatan da aka tara a sashe guda, ƙarƙashin ma'aikatan da suka saba da cutar, sun fi tsira da rai a kan waɗanda aka warwatsa a ɗakunan marasa lafiya na gama-gari. Binciken da ya biyo baya ya ƙara da cewa sun fi komawa gida suna iya kula da kansu. Abin da ya bambanta waɗannan sassa shi ne tsari: awo a kan lokaci, gano matsala da wuri, tayar da majinyaci daga kwanciya, da shigar da iyali cikin aikin.

Shaida mafi ƙarfi a kan aikin jinya kansa ta fito daga Ostireliya a 2011. Farfesa Sandy Middleton, wadda ita ma ma'aikaciyar jinya ce, ta jagoranci gwaji a sassa 19 na jihar New South Wales. An horar da ma'aikatan jinya na wasu sassan su bi ƙa'ida a kan abu uku kawai cikin kwana uku na farko: zazzaɓi, sukari, da haɗiya. Bayan kwana 90, a sassan da suka bi ƙa'idar mutum 42 cikin 100 ne suka rasu ko suka zama masu dogara da taimakon wasu, a sauran sassan kuwa 58 cikin 100. Kayan wannan aiki su ne ma'aunin zafin jiki, abin awon sukari, cokali, kofin ruwa, da takardar rubutu. Babu ɗaya cikinsu da ya fi ƙarfin asibitin gunduma a Adar.

Kwana uku na farko

Da an kwantar da majinyaci, ana fara duba numfashinsa da farkawarsa. Ma'aunin Glasgow, mai maki daga 3 zuwa 15, yana auna buɗe ido, magana da motsi. Amfaninsa yana cikin maimaitawa: makin da ya sauka tsakanin azahar da magariba, ko ƙwayar ido ɗaya da ta buɗe fiye da ɗaya, ko amai da ciwon kai mai ƙaruwa, alama ce ta kumburin ƙwaƙwalwa ko ƙarin zubar jini, kuma a take ake kiran likita. Ma'aikacin da ya karɓi aikin dare ba zai gane an sami canji ba sai na rana ya bar masa rubutu.

Ana auna sukari tun a ƙofa, domin faɗuwarsa tana kawo alamu iri ɗaya da shanyewar ɓarin jiki, kuma tana warkewa cikin mintoci idan aka gano ta. Hauhawarsa kuma tana ƙara ɓarnar ƙwaƙwalwa, ko ga wanda ba a san shi da ciwon sukari ba. Shi ya sa ƙarin ruwan da aka fi so shi ne na gishiri, ba na sukari ba, sai idan awo ya nuna buƙata. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke wuce digiri 40, mutumin da ba ya iya neman ruwa da kansa yakan bushe da sauri, don haka ana lissafin abin da ya shiga jikinsa da fitsarin da ya fita.

Hawan jini yana buƙatar natsuwa. Mafi yawan majinyata sukan zo da jini a sama, dangi kuma sukan matsa a saukar da shi nan take. Idan toshewa ce, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar shi a kwanakin farko muddin bai wuce 220 bisa 120 ba, domin saukar da shi da gaggawa yana rage jinin da ke isa yankin da bai mutu ba. Idan fashewa ce, ana saukar da shi da wuri amma a hankali, bisa umarnin likita. Tsohuwar al'adar sa ƙwayar hawan jini ƙarƙashin harshe tana da haɗari, haka ma ba da asfirin kafin a tabbatar babu zubar jini.

Ana auna zafin jiki duk awa huɗu zuwa shida. Idan ya kai digiri 37.5 ana ba da farasitamol, a rage tufafi, a goge jiki da ruwa, sannan a nemi tushen zazzaɓin. Wurare uku ake fara dubawa: ƙirji, fitsari, da jini. Daga Agusta zuwa Oktoba gwajin zazzaɓin cizon sauro ba ya jira, gidan sauro kuma wajibi ne ga mutumin da ba ya iya korar sauro da hannunsa.

Haɗiya da ciyarwa

Kusan rabin masu wannan cuta suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Ruwa ko abinci ya bi hanyar iska ya sauka cikin huhu, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi da tari su taso. Ciwon huhu irin wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe majinyatan da suka tsallake bugun farko. Wasu ma sukan ƙware ba tare da sun yi tari ba, saboda maƙogwaron ya daina jin abin da ke wucewa.

A nan ne tausayi ke iya yin ɓarna. Ɗiya ta ga mahaifinta kwance leɓɓansa sun bushe, sai ta ɗaga kansa ta ɗura masa ruwa da bakin buta. Wani ya kawo rubutu, wata ta kawo jiƙo ko ruwan zamzam, wani kuma ya ɗiga masa fura da ludayi don kada yunwa ta kashe shi. Duk da kyakkyawar niyya suke yi. Tsawa ba ta hana wannan, iyaka ta sa a jira sai ma'aikaci ya juya baya. Abin da ke hanawa shi ne bayani: a nuna wa dangi cewa hanyar abinci da ta iska a maƙogwaro ɗaya suke, ƙofar da ke raba su ce ciwon ya raunana. Addu'a da tofi ba su da wata illa, rubutu ana iya shafa shi a jiki, leɓe kuma a jiƙa shi da tsumma mai tsabta.

Gwajin haɗiya aikin ma'aikacin jinya ne, kuma ana yin sa kafin majinyaci ya sha ko da ƙwayar magani. Sai ya kasance a farke, yana iya zama a miƙe. A wanke masa baki, a ba shi ƙaramin cokali na ruwa, a dubi maƙogwaro, a ce ya yi magana. Tari, murya mai gargada kamar ana kurkure, ruwa na zuba ta gefen baki, ko numfashi ya canza, kowanne yana nufin a tsaya. Idan cokali uku sun wuce lafiya, a gwada rabin kofi. Wanda ya kasa, ba a ba shi komai ta baki, a sake gwada shi kowace rana, domin yawancinsu haɗiyar tana dawowa cikin ƴan makonni.

Kafin ta dawo, ana ciyar da shi ta robar hanci. Iyalai da yawa suna tsoron wannan roba, suna ɗaukar ta alamar an yanke ƙauna. Wajibi ne a gaya musu gada ce ta ɗan lokaci. Ana tabbatar da robar tana cikin ciki kafin kowace ciyarwa, a ɗaga kai da ƙirji, a zuba kunu tatacce ko madara sannu a hankali, a bi da ruwa, a bar majinyaci a jingine aƙalla rabin awa.

Idan an koma ci ta baki, irin abincin yana da muhimmanci. Kunu mai kauri wanda aka tace ya fi ruwa tsararo sauƙin sarrafawa a baki. Tuwo mai laushi da aka dama cikin miyar kuka ko ta kuɓewa yana wucewa da sauƙi. Fura mai gudaji tana haɗa ruwa da tsaki a loma ɗaya, don haka sai an dama ta sosai an tace. Dambu, gyaɗa, kilishi da cuku su jira. Majinyaci ya zauna a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, loma ƙarama, a sa ta gefen baki mai lafiya, ba a hira ana ci. Bayan an gama a duba kuncin gefen da ya shanye, domin abinci yakan maƙale a can ba tare da ya sani ba. Wanke baki safe da yamma yana rage ƙwayoyin cutar da ke gangarawa huhu, ko ga wanda ba ya cin komai.

Fata, gaɓoɓi da tsabta

Mai lafiya yana juyi cikin barci ba tare da ya sani ba. Wanda ɓarinsa ya shanye yakan kwana yadda aka ajiye shi, nauyinsa ya danne fata a kan ƙashi har jini ya daina zagayawa. Gyambon kwanciya yana iya farawa cikin awanni, ya ɗauki watanni bai warke ba. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙashin gindi, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, kafaɗa da kunne. A baƙar fata jan da littattafai ke ambata ba ya fitowa sosai. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri a hannu. Ana juya majinyaci duk awa biyu, dare da rana. Katifar asibiti mai rufin leda tana tara gumi, don haka a shimfiɗa zanen auduga a miƙe ba tare da tattara ba, a canza shi da zarar ya jiƙe. Mutum biyu ke ɗaga majinyaci da zane, ba a jan sa bisa katifa.

Kafaɗar hannun da ya shanye ba ta da naman da ke riƙe ta. Jan mutum ta wannan hannu, wanda shi ne abin da mai taimako ke yi ba tare da tunani ba, yana gurɗa ta ya bar ciwon da zai hana motsa jiki na watanni. Ana tallafe hannun da matashi ko zane naɗaɗɗe, yatsu a buɗe, a kwance ko a zaune. Idan da hali ba a sa allurar ƙarin ruwa a wannan hannu. Kowace gaɓa, daga kafaɗa zuwa yatsun ƙafa, ana lanƙwasa ta a miƙe ta a hankali sau da yawa a rana don kada ta ƙage. Ƙafar da ba ta motsi jini yana iya daskarewa a cikinta, gudan ya tsinke ya tafi huhu. Gwajin CLOTS na 2009 ya nuna safar matse ƙafa ba ta hana wannan ga masu shanyewar ɓarin jiki, har tana jawo rauni a fata. Abin da ke hannu shi ne motsi, isasshen ruwa, da duba sha-raɓa kowace rana ko ta kumbura.

Rashin riƙe fitsari ya zama ruwan dare a makon farko. Robar fitsari tana sauƙaƙa aiki, amma kowace rana da ta ƙara a jiki tana ƙara haɗarin cutar mafitsara, don haka ba a sa ta sai fitsari ya ƙi fita, kuma a cire ta da wuri. Miƙa wa majinyaci fo a kan lokaci, duk awa biyu ko uku, yana taimaka wa mafitsara ta koma aikinta. A wannan fage kunya tana da nauyi. Dattijon da surukarsa ce kaɗai ke kusa zai gwammace ya riƙe fitsari, ko ya ƙi shan ruwa, da ya nemi taimakonta. Ma'aikacin da ya san mutanensa yakan tambayi wa ya dace ya yi wannan hidima, ya ja labule, ya rufe jiki da zane.

Tashi daga gado

Doguwar kwanciya tana cinye ƙarfi, amma gaggawa ma tana da illa. Gwajin AVERT, wanda aka yi da majinyata fiye da 2,000 aka buga a 2015, ya nuna cewa tayar da mutum da yawa da ƙarfi cikin awa 24 na farko yana rage samun sauƙi. Abin da ya fi shi ne a fara bayan kwana ɗaya ko biyu idan jiki ya daidaita, a yi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Sannu ba ta hana zuwa. Majinyaci ya koyi juyi da kansa, sannan zama a bakin gado ƙafafu a ƙasa, sannan tsayuwa da mutum a gefen da ya shanye, sannan komawa kujera, sannan taku. Ana auna hawan jini kafin a tayar da shi da bayan an tayar, idan jiri ya kama shi a mayar da shi.

Ma'aikacin motsa gaɓoɓi, kine, yana iya ganin majinyaci na ɗan lokaci a rana inda akwai shi. Sauran awannin na ma'aikatan jinya ne da dangi, kuma ƙwaƙwalwa tana sake koyon aiki ne ta hanyar maimaitawa. Wanka, sa riga, kai loma baki, jan tasbaha, duk darasi ne idan aka bar majinyaci ya yi iyakar abin da zai iya. Sauƙi ya fi sauri a wata uku na farko, yana kuma ci gaba bayan haka. Wasu, musamman waɗanda ɓarin hagu ya shanye, sukan manta da gefen gaba ɗaya, su ci rabin kwano su bar rabi. Ana yi musu magana ta wannan gefen, a ajiye abin buƙata a can, don ido da hankali su riƙa komawa wurin. Gefen da ba ya jin zafi kuma ba a gasa shi da ruwan zafi ko a kusantar da shi ga garwashi lokacin sanyi, domin yakan ƙone mai shi bai sani ba.

Magana da halin zuciya

Shanyewar ɓarin dama takan zo da matsalar magana. Wani yana fahimtar komai amma kalma ta ƙi fita, wani yana zuba magana marar kan gado. Wannan ba hauka ba ne, ba kurumta ba ce, ɗaga murya ba ya ƙara komai. Ana fuskantar mutum, a kira shi yadda ya saba, a yi gajeriyar tambaya, a jira amsa: "Baba, ruwa kake so?" ko "Inna, ɗaga mini wannan hannun." Sau da yawa wanda ya kasa haɗa jimla yana iya amsa sallama, ko ƙirga, ko karanta abin da ya haddace tun yana yaro, kuma daga nan ake fara jawo sauran maganar. Asibitocin Tawa suna karɓar masu jin Tamajak, Fulatanci da Larabci daga Abalak, Cintabaradan da Tasara. Ba a yanke hukuncin cewa mutum ya rasa magana sai an gwada shi da harshen da ya tashi da shi.

Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani. Manomin da ya ciyar da gida shekara talatin ya wayi gari ana ba shi abinci a baki. Wanda damarsa ta shanye yana jin nauyin ci da hagu a gaban mutane, wanda hagunsa ta shanye yana fama da tsarki. Ƙin abinci, juya fuska ga bango, da ƙin motsa jiki alamu ne da ake kai wa likita, domin akwai magani. Taimaka wa majinyaci ya yi taimama ya yi salla a zaune ko a kwance yana mayar masa da wani abu na rayuwarsa ta da.

Masu zaman jinya

A asibitocin Nijar dangi ne ke wanka, wanki, dafa abinci da sayen magani, ma'aikatan jinya kuwa kaɗan ne a kan gadaje masu yawa. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Bayan girbi magidanta da samari da yawa suna Abijan, Najeriya ko Libiya, suna aiko da kuɗi ta waya, jinya kuma ta faɗa kan mata da tsofaffi. Masu zaman jinya suna canzawa, wadda aka koya wa jiya ta koma ƙauye yau. Saboda haka ana zaɓen mutum ɗaya ko biyu da za su dawwama, a nuna musu aiki da hannu, su yi a gaban ma'aikaci har ya gamsu. Takarda mai zane a jikin bango, wadda ake yi wa alama duk juyi, tana aiki ko ga wanda bai yi boko ba.

Koyar da dangi ba ya sauke nauyi daga kan ma'aikaci. Gwajin ATTEND da aka yi a Indiya da majinyata 1,250, aka buga a 2017, ya nuna cewa ɗan gajeren horo ga iyali shi kaɗai bai rage mutuwa ko nakasa ba bayan wata shida. Hannun dangi yana amfani ne idan idon ma'aikaci yana bisa aikin: shi ke gwada haɗiya, shi ke duba fata, shi ke yanke shawarar lokacin tashi. Batun kuɗi ma yana cikin jinya. Tsarin kula da lafiya kyauta da Nijar ta fara a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da wasu hidimomin mata, babban mutum kuwa iyalinsa ke biya. Idan aka gaya musu tun farko kwana nawa ake tsammani da abin da ya fi zama dole a saya, ba su cika ɗauke majinyaci su tafi a tsakiyar jinya ba.

Sallama da abin da ke bayanta

Shirin sallama yana farawa tun makon farko. Ana tambayar yadda gidan yake: wa zai kwana kusa da shi, a gado yake kwana ko a tabarma, ina makewayi yake. Tashi daga ƙasa ya fi ƙarfin mai ƙafa ɗaya, don haka gado mai matsakaicin tsayi ya fi. Kujerar da aka huda a tsakiya tana maye gurbin tsuguno. Gora da aka kafa a jikin bango daga ɗaki zuwa tsakar gida tana ba shi abin dafawa.

Wanda cutar ta taɓa kamawa tana iya komo masa, haɗarin kuma ya fi yawa a watannin farko. Maganin hawan jini na har abada ne, ba a barin sa don an ji sauƙi ko don kwalin farko ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a rana ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Taba, ta sha ko ta ci, a bar ta. Mai ciwon sukari ya rage shayi mai zaƙi. Kafin azumi a je a ga likita, ya duba ko jiki zai iya, ya kuma daidaita lokutan magani.

Majinyaci yana tafiya da takarda zuwa cibiyar CSI mafi kusa da shi, mai ɗauke da irin ciwon, magunguna, yanayin haɗiyarsa da fatarsa, matakin da ya kai a motsi, da ranar dawowa. A can ne za a ci gaba da auna jininsa, a sabunta maganinsa, a duba ko gyambo ya fito ko gaɓa ta fara ƙagewa. Ana kuma karanta wa iyali alamun da ba a kwana da su a gida: baki ya sake karkacewa, hannu ko ƙafa ta sake saki, magana ta canza, zazzaɓi da tari, farfaɗiya, ko kumburin ƙafa ɗaya. Ko da alamar ta wuce cikin mintoci, a kai shi asibiti a ranar.